Yadda Maniru Ya Tura Ƙafar Surukinsa Ta Iska

A tashar Boɗinga akwai wata 'yar rumfar kwano inda Maniru yake cajin wayoyi, yana tura wa mutane wa'azi da fina-finai. Aikinsa ke nan, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya gyara wuyan riga ya ce shi injiniya ne. Ya taɓa buɗe rediyon limamin unguwarsu wai zai gyara, ya mayar da ita da ragowar ƙusoshi a aljihunsa. Tun daga ranar rediyon ba ta sake kama komai ba sai shuuu. Maniru ya ce laifin gidajen rediyon ne.

Wata rana ya raka gwaggonsa wani babban asibiti a Sakkwato don a yi mata hoton ƙirji. Da aka gama, ya miƙa hannu a ba shi baƙin faifan nan da aka saba bayarwa cikin ƙatuwar ambulan. Ma'aikacin ya ce babu faifai, hoton ma ya riga su isa wurin likita. Maniru ya ruga ofishin likita don ya kama su da ƙarya, sai ga haƙarƙarin gwaggo ɓaro-ɓaro a fuskar kwamfuta. Ya koma ya tsare ma'aikacin da tambaya. Mutumin, da yake layi ya yi masa yawa, ya yi masa bayani a gurguje: yanzu asibitoci sun fara barin wanke faifai, a na'ura ake ajiye hoto, wasu ma a wani rumbu na intanet da ake kira girgije, ta yadda likitan wani asibiti zai buɗe ya gani ba sai majiyyaci ya yi ta yawo da ambulan ba.

Maniru bai tsaya jin sauran ba. Sai da ya kai tasha ya tuna ya baro gwaggo a bencin asibiti.

Washegari da safe ya isa teburin Ɗanmalam mai shayi, ya buga cokali a kofi har kowa ya juyo.

"Ku saurara da kyau," ya ce. "Daga yau ba mai sake ɗaukar ambulan a ƙasar Boɗinga da Shagari. Ni za ni haɗe asibitocinmu duka wuri guda, da masu kemis, har da maɗora. Kai kana gida kwance, hoton ƙashinka shina girgije."

Ɗanmalam ya ɗaga kai ya dubi sama. "Wane girgije? Wanga na bisa?"

"Kusan shi na, amma na Turawa."

"To in anka yi ruwa hwa? Haƙarƙarina shi zubo gonar wani?"

"Kai dai soya ƙwai. Wanga ilimi na, ba ganyen shayi ba."

Garba mai albasa, wanda tari ya daɗe yana damunsa, ya ce, "To da rani hwa, da babu girgije ko ɗaya?"

"Da rani Legas aka aje su," in ji Maniru, ko ƙifta ido bai yi ba.

Kafin azahar ya sa an rubuta masa allo a saman rumfa: CIBIYAR ADANA HOTON ƘASHI DA NA CIKI TA ZAMANI. Ya bi gida-gida yana shela. Mutane kuwa suka yi ta zaro tsofaffin ambulan daga ƙarƙashin katifa da ƙasan akwati, wasu sun yi ƙura, wasu ɓera ya ɗan taɓa gefensu. Dabarar Maniru mai sauƙi ce: ya ɗaga faifai sama ya saita shi da hasken rana, ya ɗauke shi da wayarsa, shi ke nan ya zama na zamani.

Garba mai albasa ne ya fara kawo nasa. Maniru ya ɗauka, ya buɗa hoton da yatsu biyu, sai ya cire hula ya fifita kansa.

"Garba, ka taɓa haɗiye tsuntsu?"

"Tsuntsu kuma?"

"Dubi nan. Shirwa ta, ta buɗe hukahukai cikin huhunka na hagu. Shi ya sa kaka tari."

Garba ya duba, ya ga shirwa sosai, har da baki. "Aradu in na yi tari ina jin abu shina hwat-hwat," ya ce. Ya koma gida ya tara iyalinsa ya yi wasiyya, ya yafe wa ƙanensa jakin da suke rigima a kai, ya hana a yanka kaza a gidansa kada 'yar'uwarta ta ciki ta ji haushi. Matarsa ta yi kuka har maƙwabta suka shigo. Sai da yamma Ɗanmalam ya karɓi wayar ya duba da kansa.

"Garba, in dai shirwa na cikin ƙirjinka, to wayar lantarki ma tana ciki. Ga kuma lasihikar masallacin tasha nan ƙarƙashin haƙarƙarinka."

Ashe lokacin da Maniru ya ɗaga faifan sama, duk abin da ke bayansa ya shiga hoton. Garba ya zo rumfa yana huci, yana cewa a dawo masa da jakinsa.

"Gwaji na munka yi," in ji Maniru. "Kowace na'ura sai an gwada ta. Ka yi godiya da kai anka hwara."

Daga nan ya koma ɗaukar hotunan a cikin ɗaki, jikin ƙwan lantarki. Sai kuma ya buɗe zaure a Wasaf, ya sa masa suna Haɗaɗɗun Asibitocin Boɗinga da Shagari. Wannan zauren shi ne girgijen. Ya zuba masu kemis, da ungozoma, da Lukman maɗori, da wani malamin dabbobi. Da ya ga mutanen sun yi kaɗan, abin bai yi kwarjini ba, sai ya ƙara duk wanda ya taɓa kawo masa cajin waya. Rabin gari ya wayi gari a cikin asibiti bai sani ba.

A wannan makon Bahijja, amaryar maƙwabcinsu, ta ba Atika matar Maniru takardar hoton cikinta a ɓoye. Cikin fari ne, ko uwar mijinta ba ta sani ba, kunya take ji. Tana so ne kawai a adana mata kada ta ɓata. A ranar kuma Inna Nana Hauwa mai daddawa, tsohuwar da jikokinta ma sun yi aure, ta aiko da hoton gwiwarta. Maniru ya ɗauke su duka yana hira da fasinjoji, ya tura zaure, ya rubuta bayani ƙarƙashin kowanne don likitoci su amfana.

Ƙarƙashin na farko ya rubuta: Inna Nana Hauwa, ciki lafiya lau, da alama ma tagwaye ne.

Ƙarƙashin na biyu: Bahijja amarya, gwiwa ta cinye saboda tsufa.

Kafin la'asar gidan Inna ya cika da mata, wasu na salati, wasu na toshe baki da mayafi. Wata ta kawo mata tsamiya wai don kwaɗayi. 'Ya'yanta maza suka taso daga Dandin Mahe a kan babura, fuskokinsu kamar an aiko su karɓar gawa. Shi kuwa angon Bahijja ya tafi gidan surukansa yana tambaya cikin ladabi a gaya masa ainihin shekarun matarsa.

Inna ta iso tasha da muciya a hannu, gwiwar da aka yi wa hoto ko ɗingishi ba ta yi.

"Kai ɗan nema! Mijina ya yi shekaru nawa a ƙasa? Wa yab ba ni tagwaye?"

Maniru ya zaga bayan teburin caji. "Inna, ki kwantar da hankali. Na'ura ta ɗan yi tuntuɓe."

"Zaka nan in nuna maka tuntuɓe!"

Ta kai masa ɗaya a kafaɗa, ɗaya ta sami allon cibiyar, ya faɗo. Don ya wanke kansa, Maniru ya danna waya ya aika murya cikin zauren yana haki: "Jama'a a yi haƙuri, kuskure anka yi. Inna ba ta da komi. Cikin na Bahijja na, matar Shamsuddeen, wata ukku."

Haka duk Boɗinga ta ji abin da uwar miji ba ta ji ba. Bahijja ta shige ɗaka ta ƙi fitowa ko ɗibar ruwa. Atika ta dafa tuwo a daren ta ba almajirai da kaji, ta ce wa mijinta nasa yana girgije.

Mai hankali da ya tsaya nan. Maniru kuwa cewa ya yi mutanen Boɗinga ne ba su waye ba, abin da yake buƙata shi ne babban majiyyaci da babban taro.

Sai Allah ya kawo masa surukinsa. Alhaji Kabiru, mahaifin Atika, babban ɗan kasuwar hatsi ne a Shagari, mutum mai faɗa da ƙarancin dariya. Ya zo kasuwar Boɗinga, ya hau bayan mota yana duba buhunan gero, ya zamo ya faɗo a kan ƙafarsa ta hagu. Aka kai shi wani asibitin kuɗi, aka yi masa hoto, aka ɗaure ƙafar da katako. Suka ce akwai likitan ƙashi da ke zuwa wani asibiti a Shagari ranar kasuwa, ya je masa da faifan, kada ya yi wasa, don karayar tana kusa da gaɓa.

Maniru ya durƙusa ya yi masa sannu, hannunsa kuma ya riga ya kai kan ambulan.

"Baba, ina raye ba ka ɗaukar kaya. Hotonka za shi riga ka isa Shagari."

"Ba ni abina, Maniru."

"Baba, manyan mutane a Sakkwato duk sun bar wanga. Kai ma ba ƙarami ba na."

Wannan kalmar ta ɗan shiga Alhaji, ga kuma ciwo ya hana shi dogon musu. Atika ta ja mijinta gefe ta ce, "Malam, wagga ƙahwar ubana ta. In ka yi mata abin da kay yi wa cikin Bahijja, ka nemi mai yi maka tuwo." Ya ce mata mata ba su san kimiyya ba.

Ya ɗauki hoton jikin ƙwan lantarki, ya tura zaure, sannan ya goge na cikin wayar saboda wuri ya cika. Faifan kuwa, tunda a ganinsa ya gama aiki, ya buga shi da ƙusa ya toshe wata ɓula a rufin rumfarsa inda rana ke dukan wayoyin mutane.

Ranar kasuwar Shagari, wanda ya shiga harabar asibitin sai ya ɗauka ɗaurin aure ake yi. Maniru ya aro ƙaton talabijin daga gidan kallon ƙwallo, da janareta, da kujerun roba. Ya gayyato mai unguwa da 'yan kasuwar hatsi abokan Alhaji. Ɗanmalam ya rufe teburinsa ya biyo mota, ya ce ko nawa zai yi asara ba za a ba shi labari ba. Lukman maɗori ma ya zo, ya zauna gaba. Maniru na sanye da farar rigar likita da ya aro wurin wani mai kemis, ta matse shi a hammata. Aka shimfiɗa wa Alhaji tabarma a tsakiya, ƙafa a miƙe, yana cije leɓe.

Maniru ya fara jawabi. Ya yi maganar Sakkwato, ya yi ta Legas, ya kai har ƙasar Sin. Yana cikin bayanin yadda jikokinmu za su riƙa tuna wannan rana, sai likitan ya fito, wani siririn mutum mai suna Abdulaziz, ga majiyyata cike da baranda suna jiransa.

"Wa ke da karaya? Ina faifan?"

"Likita, hwaihwai ya zama tarihi," in ji Maniru. "Abokin aikinka na, Injiniya Maniru. Yanzu za ka ga ƙahwa ta sauko daga girgije."

Likita ya dubi rigar, ya dubi talabijin, ya dubi agogonsa. "To ta sauko da sauri."

Maniru ya danna waya. Wani ɗan zobe ya fara juyawa a kan hoton, ya yi ta juyawa. Babu sabis. Ya ɗaga wayar sama, ya zaga gabas, ya zaga yamma. Ya haye rufin keke napep ɗin da ya kawo Alhaji, rufin ya lotsa, mai keken ya fara rantse-rantse. Daga nan ya kama reshen dogon yaro ya hau, farar rigar ta tsage daga hammata har ƙugu.

"Ka kusa girgijen?" Ɗanmalam ya ɗaga murya daga ƙasa. "In ka isa ka gaishe min da haƙarƙarin Garba!"

Can dai sabis ya kama. Ya sauko da ganye a hula, ya jona waya da talabijin. Abin da ya fara fitowa hoton Maniru ne da kansa, cikin farar rigar, ya rataya igiyar caja a wuya kamar abin awon likita, ya turo baki. Mai unguwa ya yi tari ya dubi ƙasa. Maniru ya yi sauri ya ture shi.

Sai ga ƙashin ƙafa ya cika talabijin. Jama'a suka ce, "Allahu akbar!" Maniru ya buɗe hannuwa kamar shi ya halicce ta.

Likita ya matso ya ƙura ido. "Wannan ai kamar ƙafar dama ce."

"Ta hagu ta," in ji Alhaji.

"Baba," in ji Maniru cikin lallashi, "na'ura ba ta ƙarya. Ƙila da kah hwaɗi ka ruɗe."

"Ni ban san ƙahwar da ka yi min ciwo ba?"

"Ciwo shina yawo, Baba. Kimiyya ta tabbatar."

Lukman maɗori, wanda tun ɗazu yake neman inda zai nuna kansa gaban likita, ya naɗe hannun riga. "In dai na'ura ta hwaɗi, to a bar ni da ita." Ya cafki lafiyayyar ƙafar Alhaji ya fara ja. Alhaji ya yi salati da ƙarfi, ya fizge ta ya tokare shi a ƙirji, Lukman ya tafi da baya ya zauna cikin kujerar roba, ƙafafunta suka baje.

"Ku dakata!" in ji likita. Ya nuna wani ɗan harafi a kusurwar hoton. "Ga alamar hagu nan, amma a juye take. Ta baya ka ɗauki faifan. Kuma wannan farin dunƙulen da ya rufe gaɓar, ƙwan lantarki ne. Daidai wurin da nake son gani ke nan."

"Akwai wani!" in ji Maniru. "Akwai wanda yah hi wanga hitowa. Ga shi nan da sunanai, Alhaji Kabiru."

Ya ture hoton. Wani ƙashi ya fito, tsaf, babu ƙwan lantarki, babu komai. Siriri ne, dogo, karaya a tsakiya ɓaro-ɓaro. Maniru ya yi ajiyar zuciya. Likita ya bi ƙashin da yatsa daga sama zuwa ƙasa, ya tsaya a ƙarshe, ya daɗe a wurin. Sannan ya juyo a hankali.

"Alhaji, a yi mini afuwa. Kana da kofato?"

Sai wani dattijo daga kujerun baya ya miƙe yana nuna talabijin da carbi.

"Wanga ai ragona na! Ni na Alhaji Kabiru na Dandin Mahe. Malamin dabbobi yak kai shi Sakkwato anka yi mai hoto bara, shi yas sa shi cikin zaurenka. Ya warke sarai, mun yi layya da shi!"

Ɗanmalam ne ya fara faɗuwa daga kujera. Daga nan dariya ta ɓarke har majiyyatan baranda, wani mai ɗaurin ciki yana riƙe da cikinsa yana roƙon a bari. Abokan Alhaji 'yan kasuwa suka rufe fuska da babbar riga, kafaɗunsu na rawa. Wani daga baya ya yi kukan rago.

Alhaji bai yi dariya ba. "Maniru. Ina hwaihwaina?"

"Shina... shina wurin aiki, Baba."

"Wane aiki?"

"Shina tare rana."

Aka tura mai babur Boɗinga ya ɓamɓaro shi daga rufin rumfa. Da ya kawo, rana ta gasa shi ya nannaɗe kamar kilishi, ga hudojin ƙusa, ga kashin tsuntsu. Likita ya ɗaga shi ya mayar.

"Sai an sake sabo," ya ce. Ya dubi Maniru. "Abin da ka gani a Sakkwato gaskiya ne, kuma zai iso nan. Amma daga na'urar hoto yake tafiya kai tsaye, da lambar majiyyaci, kuma ba mai buɗewa sai likitansa. Ba a zauren da mai shayi yake ciki ba."

"Ni ma ban ce a sa ni ba," in ji Ɗanmalam yana share hawaye. "Amma kada a hidda ni."

Mai talabijin ya kwashe kayansa. Mai keke ya ce ba zai ɗauki kowa ba sai an buga masa rufi. Haka Maniru ya goya surukinsa a baya, cikin yagaggiyar rigar likita, ya ratsa tsakiyar kasuwar Shagari da shi har bakin titi, masu albasa na yi musu Allah ya ba da lafiya. Aka koma Boɗinga aka sake hoto. Wannan karon Alhaji ya zauna a kan ambulan ɗin har suka dawo. Likita ya taimaka ya jira su, ya gyara ƙafar ya sa mata filasta kafin magariba, ya ce da an ƙara kwanaki da sai an kai ga tiyata.

Atika ta tattara kayanta ta zauna Shagari jinyar mahaifinta, ba ta ce ga ranar dawowa ba. Mutanen zaure suka yi ta fita ɗaya bayan ɗaya har ya rage daga Maniru sai malamin dabbobi.

Da Alhaji ya fara takawa da sanda, Maniru ya shirya ya je gaisuwa, da fatan a ba shi matarsa. Ya tarar da shi a zaure da baƙi. Ya durƙusa ya gaishe shi, aka amsa masa a daƙile. Da ya ga shirun ya yi yawa, sai bakinsa ya kasa haƙuri.

"Baba, in ka duba da kyau, tsarin bai da laihi. Sabis na kawai yab ba mu kunya. Shi kanshi likita ya ce abin za shi iso. Ka ga ke nan ni na riga kowa."

Alhaji ya yi murmushi, karo na farko tun faɗuwarsa. "Haka na, ɗana. Matso kusa in sa maka albarka."

Maniru ya matso da sauri yana washe baki. Alhaji ya ɗaga sandarsa ya dasa ƙarshenta a kan babban yatsan Maniru, ya jingina da duk nauyinsa.

"Wayyo! Baba! Ƙahwata!"

"Wacce?"

"Ta hagu, Baba! Ta hagu!"

"A'a," in ji Alhaji, ya ƙara dannawa. "Ka ruɗe na. Bari mu jira sabis."